Mudun Da Ba A Gani: Awon Sukari Da Sitaci A Bompai, Sharaɗa Da Challawa

(Laccar da aka gabatar a Makon Kimiyya na Ƙungiyar Ɗalibai)



Da takardar gayyata ta iso mana, aka ce mu yi magana a kan hanyoyin auna kabohaidiret a jikin tsiro da na dabba, wani abokinmu ya yi dariya, ya ce lalle yau za a sha barci a zauren nan. Ba mu ga laifinsa ba. To amma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san rigimar mudu. Shi mudun kasuwa a fili yake, ana iya ɗaga shi a duba ko an bubbuge gindinsa. Akwai kuma wani mudun da ba ya fitowa kasuwa, wanda sakamakonsa kaɗai muke gani a jikin kwalbar lemo ko ledar biskit, inda aka rubuta cewa a kowane giram 100 akwai kabohaidiret giram kaza. Wa ya auna? Da me ya auna? In ya tauye, wa zai kama shi? Waɗanda za su riƙe wannan mudu nan da 'yan shekaru, da waɗanda za a ba aikin duba shi a madadin hukuma, suna zaune a gabanmu yanzu.

Kabohaidiret dai sunan dangi ne, watau dangin sukari da sitaci. A cikinsu akwai ƙanana masu narkewa a ruwa, irin su gulukos wanda yake yawo a jininmu, da furuktos na zuma da 'ya'yan itace, da sukuros na rake, da laktos na madara. Akwai kuma manya, waɗanda ƙananan ne aka jera kamar tsakiya a zare: sitacin dawa da gero da rogo, da selulos na kara da auduga, da ƙaro, da gilaikojin wanda hanta take ajiyewa. Sitaci da selulos duka da gulukos aka gina su, bambancinsu yana ga irin ƙullin da ya haɗa tsakiyar, amma wannan ɗan bambanci shi ya sa mutum yake cin tuwo, kara kuwa sai saniya. Matsalar mai awo ke nan tun daga farko: 'yan gida ɗaya ne, suna kama da juna, hanyar da ta ga wannan sau da yawa takan haɗa har da ɗan'uwansa.

Unguwannin masana'antun Kano kuwa, in an lura, yawancin abin da suke juyawa ɗan wannan dangi ne. Bompai ce babba, tun shekarun 1950 aka fara kafa masana'antu a can, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. An niƙa alkama a Bompai, a kamfanin Northern Nigeria Flour Mills. An dafa alewa da minti, an gasa biskit, an ɗura lemo a Challawa. Masaƙu suna shafa wa zare sitaci kafin saƙa don kada ya tsinke, bayan saƙa su wanke shi, su ɗiga aidin a kan ƙyallen su ga ko ya fita. Da yawa daga cikin waɗannan masana'antu sun rufe bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da abin da ya biyo bayansa, wasu gine-ginen sun koma rumbunan ajiyar kaya. Daga baya injinan gyaran shinkafa sun yawaita a Kano, kuma shinkafa ita ma sitaci ce.

Bari mu fara da hanyar da muka fi yawan amfani da ita, wadda kuma ta fi ba mu kunya. A wajejen 1860 wasu masana biyu, Henneberg da Stohmann, a tashar binciken noma ta Weende kusa da Göttingen a Jamus, suka tsara yadda za a rarraba abincin dabbobi. A busar da samfur a tanda a san danshinsa. A ƙone wani a san tokarsa. A tatse mai. A auna furotin. A dafa wani da asid da alkali a san yawan zaruruwan da ba sa narkewa. Sai a haɗa waɗannan duka a ɗebe daga 100, abin da ya rage a ce shi ne kabohaidiret. Ku buɗe kundayen kammala digiri goma a kan abinci a kowane ɗakin karatu, za ku tarar mafi yawansu haka suka yi. Ma'ana, ba wanda ya auna kabohaidiret ɗin. Ragowa ce, kuma duk kuskuren da aka yi a sauran awon biyar a kanta yake taruwa, kamar yadda sharar gida take taruwa a bayan ƙofa.

Ga misali da lissafi. Ba furotin ake aunawa kai tsaye ba, naitirojin ake aunawa ta hanyar Kjeldahl ta 1883, a ninka shi da 6.25. Wannan adadi kuwa ba kowane abinci ya dace da shi ba: na alkama 5.7 ne, na gyaɗa 5.46. A ce wani ya kawo tunkuzar gyaɗa daga matatsar mai, aka sami naitirojin kashi 7 cikin 100. Wanda ya ninka da 6.25 zai ce furotin 43.75 ne, wanda ya ninka da 5.46 zai ce 38.22. Tunkuza ɗaya, tanda ɗaya, amma kabohaidiret ɗin mutum biyun nan ya bambanta da fiye da kashi 5, ba tare da ɗayansu ya zubar da ko ɗigo ba. Mai kiwon kaji da zai haɗa abinci bisa wannan takarda shi zai biya bambancin. Ba muna cewa a yar da hanyar Weende ba, tana da arha kuma tana da amfani, sai dai wanda ya yi aiki da ita ya rubuta a fili cewa ragowa ce.

Hanyoyin da suke auna sukari da gaske sun fara ne da jan ƙarfe. A 1849 Hermann von Fehling na Stuttgart ya fitar da ruwan gwajinsa mai shuɗin launi. In aka tafasa shi da gulukos ko furuktos, shuɗin yakan ɓace, wani gari ja kamar jan bulo ya kwanta a gindin kwalba. A 1923 Lane da Eynon suka mai da wannan gwaji awo na sosai: ana ɗigo ruwan sukarin daga buret cikin ruwan Fehling yana tafasa, a sa ɗigon shuɗin metilin, a ci gaba har launin ya ɓace, a karanta yawan abin da aka zuba. Dole a gama cikin minti 3 na tafasa, kuma kada a bar tafasar ta tsaya, domin iska tana shiga shuɗin zai dawo. Wanda bai taɓa tsayawa gaban wannan tururi a watan Afrilu a Kano ba, bai san dalilin da ya sa ma'aikatan ɗakin gwaji suke da saurin fushi ba.

Akwai tarko a nan, kuma ɗalibai da yawa sun faɗa. Sukuros, watau sukarin shayi, ba ya taɓa ruwan Fehling. Mutum zai narka sukari cokali biyar, ya tafasa, ruwan yana nan shuɗi. Sai an fara dafa shi da ɗan asid ya rabu gida biyu, gulukos da furuktos, kana ya nuna. Saboda haka ake awo sau biyu, kafin rabawa da bayanta, a ɗebe na farko daga na biyu, a ninka da 0.95, a sami sukuros. Masu dafa alewa a kan wannan lissafi suke rayuwa. In rababben sukari ya yi kaɗan, minti yakan yi tsakuwa-tsakuwa a ajiye. In ya yi yawa, yakan ja laima da damina ya manne da takardarsa, ɗan tireda a kasuwar Singa ya mayar da kwalin. Masu mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi sun san wannan ba tare da buret ba: raken da ya kwana biyu bayan sara ba ya daskarewa yadda ya kamata, don sukuros ɗinsa ya fara rabuwa tun yana cikin kara.

Ga masana'anta mai sauri kuwa, ba a jiran tafasa. Akwai rifraktomita, wata 'yar na'ura mai kama da tocila, a ɗiga ruwan a kan gilashinta, a leƙa, a karanta. Tana auna yadda ruwan yake karya haske, tana ba da amsa da ma'aunin Brix, inda Brix 1 yake daidai da giram 1 na sukuros a giram 100 na ruwan. Abu biyu ya kamata a riƙe game da ita. Na farko, ba ta san sukari ba, duk abin da ya narke take ƙirgawa, har gishiri. Na biyu, a kan zafin digiri 20 aka daidaita ta, mu kuwa da bazara mukan wuce 40, saboda haka in ba mai gyara kanta ba ce, sai an duba jadawalin gyara.

Duk da haka dubi abin da wannan 'yar na'ura za ta iya gaya wa manomin tumatir na Kadawa ko Kura. Tumatirin gwangwani mai kauri yakan kai Brix 28 zuwa 30. Ɗanyen tumatir yana tsakanin 4 da 5. In na wani manomi 4 ne, ana bukatar kilo 7 a sami kilo 1 na markaɗe mai Brix 28. In na maƙwabcinsa 5 ne, kilo 5.6 ya isa. Ashe kwandon na biyu ya fi na farko daraja da kashi ɗaya cikin huɗu, amma a kasuwar 'Yankaba kwando kwando ne. A Birazil da Ostireliya da Afirka ta Kudu manomin rake bisa ga sukarin da aka auna a rakensa ake biyansa. Ranar da irin wannan ciniki ya zo mana, mai riƙe da na'urar shi ne alƙali tsakanin talaka da kamfani, kuma daga cikinku za a ɗauko shi.

Yanzu ga wadda muka fi so, folarimita. Wasu sinadarai suna murɗa haske in ya ratsa ruwansu, wasu dama, wasu hagu. Sukuros yana murɗawa dama da digiri 66.5, in an raba shi sai cakuɗen ya koma hagu da kimanin 20. Da wannan ake sayen sukari da sayar da shi a duniya. Amma mu a nan, a kan ƙaro ta fi yi mana rana. Ƙaron nan da muke sawa a tawadar allo, shi ne kamfanonin lemo da alewa na duniya suke nema, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu fitar da shi tare da Sudan da Cadi. Daga Barno da Yobe da Jigawa yake zuwa, a tsince shi a Kano. Mai daraja ta ɗaya na itacen dakwara ne, na biyu na dushe. In an daka su an cakuɗa, ido ba ya rabewa. Folarimita kuwa ba ta ruɗewa, domin ƙaron dakwara hagu yake murɗa haske da kimanin digiri 30, na dushe kuma dama da kimanin 50. Buhun da aka yi wa algus adadinsa yakan faɗo tsakani. In ba a gano shi a Kano ba, za a gano shi a Turai, kuma a can ba sunan dillalin da ya yi cakuɗen za a rubuta ba, sunan ƙasar za a rubuta, farashin kowa ya faɗi har da na mai gaskiya.

In sukarin ɗan kaɗan ne ƙwarai, kamar a ganye ko saiwa ko tsokar dabba, sai a koma ga hanyoyin launi. Biyu ne suka fi shahara a jami'o'inmu. Akwai ta antiron, wadda Dreywood ya bayyana a 1946, mai ba da launi tsakanin shuɗi da kore, ana karanta ta a nanomita 620. Akwai ta finol da asid na salfa, wadda DuBois da abokan aikinsa na Jami'ar Minnesota suka buga a 1956: mililita 1 na samfur, mililita 1 na finol, a kwarara mililita 5 na asid mai ƙarfi da sauri, kwalbar ta yi zafi, ruwan ya koma launin goro, a karanta a nanomita 490. Na'urar ba ta faɗin giram, duhun launi kaɗai take faɗi. Mai awo ne zai haɗa gulukos wanda ya san nauyinsa, kwalabe biyar ko shida daga tsarma zuwa kauri, ya zana layi, ya gwada samfurinsa da layin. Wanda ya ari layin ɗan ajin bara ya ari mudun da bai san girmansa ba.

Waɗannan hanyoyi suna da kaifi, kuma kaifin nasu shi ne aibinsu, domin asid ɗin ba ya tambaya daga ina kabohaidiret ya fito. Muna ajin ƙarshe mun taɓa auna sitacin wata dawa da antiron, lissafi ya ba mu fiye da kashi 100, watau sitacin ya fi dawar nauyi. Muka sake, haka. Wani a cikinmu ya ba da shawara a rage adadin ya koma 70 yadda littafi ya ce, a wuce wurin. Allah ya sa tsohon ma'aikacin ɗakin yana jinmu. Bai ce kome ba, ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta sama wajen taga, ya nuna mana 'yan zaruruwan takardar da muka goge kwalaben da ita. Takarda selulos ce, selulos kuwa gulukos ne. Kwana uku muna auna takarda. Ku ƙara da ƙurar hunturu mai shigowa ta kowace kafa, da zaren audugar rigar mai awo, za ku gane dalilin da ya sa ake ajiye kwalba ɗaya wadda ba samfur a cikinta, a bi da ita duk matakan, a ga abin da za ta nuna.

Sitaci shi kansa sai an bi da shi ta mataki biyu. A fara wanke garin da itanol mai zafi, kashi 80 cikin 100, ya kwashe ƙananan sukari. Abin da ya rage a farfasa shi ya koma gulukos, ko da asid, kamar yadda Kirchhoff ya fara yi a Rasha a 1811, ko da inzayim, a auna gulukos ɗin, a ninka da 0.9. Inzayim ya fi, don shi sitaci kaɗai yake ci, ya bar dusa. Uwayenmu mata sun riga mu sanin aikinsa, su da suke zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a kunun zaƙi, ya tsinke ya yi zaƙi ba da sukari ba.

Wannan sani ya taɓa zama maganar ƙasa. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, a 1988 ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin fulawa da na lemon malt suka waiwayo kan dawa da masara. Nan aka tarar sitacin dawa yana bukatar zafin da ya fi na sha'ir kafin ya dahu, kuma tsironta ba shi da wadatar inzayim ɗin da yake fitar da sukarin maltos. Sai da aka yi ta awo, iri bayan iri, farafara da kaura da irin su SK5912 na Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, kafin a san wadda za ta yi. An ɗage hanin alkama a 1992, amma dawa ta riga ta sami gindin zama a masana'antu, kuma da buret da kwalbar gwaji ta same shi.

Shinkafa kuma nata sirrin yana ga aidin. Tun 1814 aka san aidin yana mai da sitaci shuɗi, amma ɓangare ɗaya na sitacin, amilos, shi ne mai shuɗin sosai. Juliano na cibiyar binciken shinkafa ta Filifin ya sauƙaƙa awonsa a 1971. Shinkafar da amilos ɗinta ya haura kashi 25 ita ce mai warara, ta dafa-duka. Wadda nata ya gaza 20 ita ce mai danƙo, ta tuwo. Mai injin da ya cakuɗa iri biyun a buhu ɗaya, uwargida ce za ta gane a tukunya, ta koma wa 'yar waje.

Mu juya ga jikin dabba, inda lokaci shi ne abokin gaba. A 1857 Claude Bernard na Faransa ya fitar da gilaikojin daga hanta. Hantar babban mutum takan ajiye kimanin giram 100, tsokoki kimanin 400. Hanyar awonsa ba ta canza sosai ba: a jefa yankin hanta ko tsoka cikin alkali mai ƙarfi yana tafasa, kome ya narke ban da gilaikojin, a kwantar da shi da itanol, a auna da antiron ko a farfasa shi. Sai dai daga lokacin da aka yanka dabba inzayim ɗin jikinta suke fara cinye shi. Ɗalibin da ya sayo hanta a kwata da safe, ya hau a-daidaita-sahu, ya jira a buɗe ɗakin gwaji, ya auna da azahar, abin da ya auna tsawon tafiyarsa ne. Ko dai a daskarar da yankin nan take, ko a tafi kwata da alkalin.

Mahauta ma abin ya shafe su. Bayan yanka gilaikojin na tsoka yakan koma asid na laktik, ma'aunin tsami ya sauko daga wajen 7 zuwa wajen 5.5, kuma wannan tsamin yana taimaka wa nama ya jure. Saniyar da ta kwana biyu a tsaye cikin tirela ba ci ba sha, aka sauke ta aka yanka, ta riga ta ƙone ajiyarta. Namanta yakan yi duhu, ya yi tauri, ya yi saurin lalacewa. Abin da ya sa ake cewa a hutar da dabba kafin yanka ke nan, kuma malamin dabbobi da yake da ma'aunin tsami a aljihu zai iya nuna wa Sarkin Fawa wannan a gaban idonsa.

Na jini kuwa shi ya fi kusa da rai. Dā da ruwan Benedict ake gwada fitsari a ɗakunan shan magani, a tafasa a duba launi. Amma sukari ba ya fitowa a fitsari sai ya haura kimanin milimol 10 a lita ta jini, kuma bitamin C yakan ruɗi gwajin. Yanzu da inzayim ake yi, gulukos oksidas, wanda ba ya kula kowa sai gulukos. Trinder ya daidaita hanyar a 1969, kuma da inzayim irin wannan ko danginsa ƙananan na'urorin gida suke aiki. Iyakar da ake yanke hukuncin ciwon sukari da ita ita ce milimol 7.0 ga wanda ya kwana bai ci ba. To, ƙwayoyin jini ba sa daina cin gulukos don an zuba su a kwalba, sukan rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa. A ce an ɗebi jinin wani dattijo yana 7.5, aka sa a kwalba marar magani, aka ajiye a kan tebur awa 3 ana jiran wuta ta dawo. Zai sauko wajen 6.2. A ce masa bai kai ba, ya koma gida. Kwalbar da take da fuloraid, ko raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa da wuri, shi ne maganin wannan, kuma kuɗinsa bai kai na katin waya ba.

Ku ma'aikatan gwamnati, ga inda abin ya iso teburinku. An kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, a 1971, aka kafa NAFDAC a 1993. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. Da lita aka ƙirga shi, mai zaƙi da yawa da mai kaɗan kuɗinsu ɗaya. Ingila da ta kawo nata a 2018 hawa-hawa ta yi shi, daga giram 5 a mililita 100, sa'an nan daga giram 8, kamfanoni da yawa suka rage sukari don su kauce. A ganinmu wannan ya fi ma'ana, amma ba ya yiwuwa sai hukuma tana da ɗakin gwajin da ba ya dogara da takardar da kamfani ya miƙo. Lemon da yake da giram 10 a mililita 100, kwalbarsa ta rabin lita tana ɗauke da giram 50, watau duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada babban mutum ya wuce a yini. Haka zuma: ƙa'idar Codex ta ce gulukos da furuktos kada su gaza giram 60 cikin 100, sukuros kada ya wuce 5, sai a wasu nau'o'i kaɗan. Hanyar Lane da Eynon ta 1923 ta isa ta kama wanda ya dafa sukari ya zuba, ko da yake mai wayon da ya riga ya raba sukarinsa da tsami sai an bi shi da wani gwajin.

Ba mu manta da ruwan da yake fita ta bayan katanga ba. Kowa maganar kuromiyam na majemu yake yi, kuma ya cancanta. Amma sitaci da sukarin da ake wankewa su ma suna cinye iskar ruwa in suna ruɓewa, a rafin Getsi da yake kwashe na Bompai zuwa Jakara, da Salanta da yake kwashe na Sharaɗa zuwa kogin Challawa. Awonsa kwana 5 yake ɗauka a zafin digiri 20, watau yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa kwana biyar a jere. Za mu bar wannan ga wata laccar.

Abin da muke roƙon wannan ƙungiya ba shi da tsada. Tun 1973 ake da tsarin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, amma da yawanmu ofis muke nema mai fanka, a sa mana hannu a littafi. Wanda aka tura Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya nemi a kai shi ɗakin gwaji, ya tambayi ranar da aka daidaita na'urar ƙarshe, ya ga da wane ruwa aka yi. Ƙungiya kuma ta sayi rifraktomita ta hannu guda biyu da kwalbar aidin. A raba ɗalibai, wasu su bi tumatir daga Kadawa tun farkon kaka har ƙarshenta, wasu su bi rake, wasu zumar da ake talla a bakin titi, wasu nonon da ake zargin ana kaɗa shi da gari. Kowane samfur a auna shi sau uku, a rubuta rana da wuri da zafin ɗaki, a rubuta har adadin da bai yi wa mai awo daɗi ba. A buga sakamakon a wannan mujalla da Hausa, yadda manomin da aka karɓi tumatirinsa zai iya sa ɗansa ya karanta masa. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki nauyin tataccen ruwa da gulukos ɗin zana layi, kuma ɗakin gwajinmu yana buɗe ranar Asabar daga ƙarfe 9 na safe.